Hurumin ƙwaƙwalwa: tarihin wata kalma tsakanin annobar mura da ƙarin cikin kai

1. Abin da ya kawo maganar

A cikin littattafan likitanci na Faransanci da aka daɗe ana karantar da ɗalibai da su, akwai wata jimla da ake maimaitawa kamar karatun allo: ƙwaƙwalwa wuri ne mai « privilège immunitaire ». Abin nufi, garkuwar jiki, wadda ke sintiri ko'ina cikin jikin mutum tana neman baƙo, in ta iso bakin ƙwaƙwalwa sai ta tsaya. Mai fassara wannan jimla zuwa Hausa zai yi saurin cewa "gata" ko "alfarma", ya wuce gaba. Mu muna ganin saurin nan yana da haɗari. Kalmar kimiyya in ta shiga harshe ta hanyar littafin makaranta ko gidan rediyo, da wuya a sake fitar da ita, kuma takan shigo ne da dukan kayan da ta ɗauko a hanya. Don haka muka ga ya dace a bi sawun wannan kalma tun daga inda ta taso.

Sawun ya bi ta wurare biyu waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su. Na farko shi ne huhu, a lokacin cututtukan numfashi da ƙwayar birus ke kawowa, irin su babbar mura (grippe) da korona, inda martanin jiki kan yi yawa har ya kashe mai shi. Na biyu shi ne ƙarin da ke tsirowa cikin ƙwaƙwalwa, musamman wanda likitoci ke kira giliyobilastom, inda martanin kan yi shiru kamar ba kowa a gida. Abin da muke son nunawa shi ne kalmar « privilège » ta faɗi fiye da abin da gwajin da ya haife ta ya nuna, kuma ƙwayoyin cutar numfashi suna cikin abubuwan da suka tona hakan.

2. Kalmar haraji

A Latinanci, munus shi ne nauyin da ke kan ɗan gari: haraji, aikin soja, aikin hukuma. Wanda aka ɗauke wa wannan nauyi shi ne immunis. Daga nan Faransanci ya samo « immunité », kuma shekaru aru-aru kalmar ta shari'a ce, ana faɗinta game da birane, da filayen coci, da jakadu. Likitoci sun ara ta ne don su bayyana abin da kowa ya sani, watau wanda ya taɓa yin agana ya tashi ba ya sake yi. Kamar ya biya sau ɗaya ne, an yafe masa sauran.

A ƙarshen ƙarni na 19 ma'anar ta juya. A shekara ta 1882, a Mesina ta Italiya, Élie Metchnikoff ya ga wasu ƙwayoyin jiki suna taruwa a kan ƙaya suna ƙoƙarin haɗiye ta. Paul Ehrlich a Jamus ya bi ta wajen sinadaran da ke cikin jini. An ba su kyautar Nobel tare a 1908. Daga nan « immunité » ta bar zama yafiya ta koma yaƙi, amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Shi ya sa « privilège immunitaire » ke da ban mamaki ga mai nazarin harshe: privilegium doka ce da aka keɓe wa mutum ɗaya, immunitas kuma keɓewa ce daga doka, ke nan an ɗora keɓewa a kan keɓewa.

Hausa ta raba abin da Faransanci ya haɗa. Ta ɗan majalisa muna ce mata rigar kariya, ta jiki kuma garkuwa. Amma muna da tsohuwar kalma da ta fi su kusa da asalin Latinancin, ita ce hurumi, watau filin da sarki ya keɓe ya ɗauke masa haraji. Za mu komo gare ta.

3. Rini da dashe

Abu biyu suka haifi tunanin keɓewar ƙwaƙwalwa. Na farko rini ne. A 1885 Ehrlich ya lura cewa in aka zuba rini cikin jinin dabba, hanta da ƙoda da sauran kayan ciki duk sukan rine, ƙwaƙwalwa kuwa ta fito fara. Shi ya ɗauka naman ƙwaƙwalwa ne ba ya kama rini, kamar yadda wani ƙyalle ke ƙin baba a marina. Ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin a 1913: ya zuba shuɗin rini kai tsaye cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki, sai ta rine, sauran jiki bai rine ba. Ke nan nama yana kama rini, hanya ce a toshe. Lina Stern, wadda ke aiki a Janeba, ita ta yaɗa sunan « barrière hémato-encéphalique » a farkon shekarun 1920, watau shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Sai a 1967 Reese da Karnovsky suka ga shingen da madubin lantarki: ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini ne suka manne wa juna ba tsaga.

Na biyu dashe ne, kuma tun farko da ƙari aka yi shi. A 1921 wani mai bincike a Japan, Shirai, ya ɗauki ƙarin babban ɓera (rat) ya dasa wa ƙaramin ɓera (souris). A ƙarƙashin fata ƙarin ya mutu, don jiki ya gane baƙo ne. Cikin ƙwaƙwalwa kuwa ya girma. A 1923 Murphy da Sturm, a cibiyar Rockefeller ta Amurka, suka maimaita irin wannan gwaji suka ƙara abubuwa biyu da ba a cika ambata ba. In ƙarin ya taɓa kogunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa (ventricules), jiki yakan taso masa. In kuma aka dasa shi tare da ɗan yankin saifar dabbar da ta karɓa, ba ya girma. Tun a wannan shekara, ke nan, an san cewa keɓewar tana da iyaka, kuma iyakar a cikin kai take.

Gwajin da aka fi jinginawa gare shi na Peter Medawar ne. Medawar ya shiga binciken dashen fata ne a Ingila saboda waɗanda suka ƙone a yaƙin duniya na biyu. A 1948 ya buga sakamakon dashen fatar wani zomo cikin ƙwaƙwalwar wani zomo. Fatar ta rayu. Amma in an riga an dasa wa zomon irin wannan fata a jikinsa, jikin ya ƙi ta, to wadda aka sa cikin ƙwaƙwalwa ma sai ta lalace. A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin duk maganarmu a kan wannan take. Martanin jiki yana da ƙafa biyu, ta tafiya da ta komowa. Da farko sai labarin baƙo ya kai ga kaluluwa, waɗannan ƙananan ƙululai na wuya da hamata da matse-matsi, inda ake horar da fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosit. Sannan limfosit ɗin su fito su nemi baƙon. In muka ari harshen fada, akwai kai ƙara, akwai aika dogarai. Abin da Medawar ya nuna shi ne ƙwaƙwalwa ba ta kai ƙara, amma in wani ya kai ƙarar daga waje, dogarai suna shiga har ciki. Shi da kansa ya danganta abin da rashin jijiyoyin limfa, waɗanda a sauran jiki su ke kwashe ruwan nama su kai shi kaluluwa.

Kalmar « privilège » ta zo daga baya. Billingham da Boswell ne suka yi amfani da ita a 1953, da Ingilishi, game da tantanin gaban ido (cornée), sannan aka faɗaɗa ta ga ƙwaƙwalwa da wasu wurare. Da ta shiga littattafan koyarwa sai ta haɗiye rabin sakamakon Medawar. Aka ɗaure abubuwa uku a dami ɗaya, shinge da rashin limfa da rashin martani, ɗalibi ya fita da tunanin cewa ƙwaƙwalwa wata ƙasa ce dabam da dogarai ba su da izinin takawa.

Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1995 da 1996 a Damagaram ko Maraɗi zai yi mamakin wannan magana, domin sanƙarau ba kome ba ne illa kumburin mayafin ƙwaƙwalwa, da fararen ƙwayoyin jini cike da ruwan cikin kai. Amsar ita ce mayafin bai taɓa shiga cikin keɓewar ba, naman ƙwaƙwalwa kaɗai ake nufi. Sai dai kalmar ba ta ɗauke da wannan bambanci a goshinta. Haka kuma an manta da tsofaffin masu fiɗa. Paolo Mascagni ya zana jijiyoyin limfa a mayafin ƙwaƙwalwar mutum a 1787, aka ce kuskure ya yi. Schwalbe a 1869, da Key da Retzius a 1875, sun nuna cewa rinin da aka zuba cikin ruwan ƙwaƙwalwa yana fitowa a kaluluwar wuya, kuma ɗaya daga cikin hanyoyinsa ita ce ƙashin nan mai huda-huda kamar rariya da ke saman kogon hanci. Ruwan ƙwaƙwalwa yana tsiyaya ta daidai inda ƙwayar mura ke sauka.

4. Huhu

A wannan lokaci duka, masu binciken cututtukan numfashi suna fama da akasin wannan matsala. Annobar mura ta 1918 ta kashe mutum wajen miliyan 50 a duniya bisa ƙiyasin da aka fi yarda da shi. Ta iso Afirka ta Yamma ta jirgin ruwa, a Firitawun ta Saliyo cikin watan Agusta, ta kai Ikko a Satumba, ta bi hanyoyin fatauci da jirgin ƙasa ta hau arewa. A ƙasar Hausa an riƙe ta da sunan marisuwa. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne ta fi kashe ƴan shekara 20 zuwa 40, waɗanda ya kamata a ce su suka fi ƙarfin jiki. A lokacin ma ba a san mai laifin ba, ana zargin wata bakteriya da Pfeiffer ya gano a 1892. Sai a 1933 Smith da Andrewes da Laidlaw suka ware birus ɗin murar mutum a Landan, ta hanyar sa wa wata ƙaramar dabba mai kama da tunku (furet).

An kuma yi zaton annobar ta taɓa ƙwaƙwalwa. A 1917 Constantin von Economo ya bayyana wata cutar barci a Biyana, wadda ta yaɗu cikin shekarun da suka biyo, ta bar mutane da yawa a sandare. Da yake ta zo tare da murar, an daɗe ana ɗora mata laifi, amma binciken da aka yi a kan tsofaffin yankunan ƙwaƙwalwa da aka adana bai samo sawun birus ɗin mura a ciki ba.

Da birus ɗin mura aka gano ɗaya daga cikin manyan makaman jiki. Tun shekarun 1930 an san cewa in birus ɗaya ya riga ya shiga ƙwayar jiki yakan hana na biyu shiga, ana kiran abin « interférence ». A 1957, a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka sa birus ɗin mura da aka kashe da zafi a kan tantanin ƙwan kaza, suka ga tantanin yana fitar da wani sinadari mai kare sauran ƙwayoyi. Suka raɗa masa suna intaferon, mu ce mai katsalandan. Daga baya aka gane cewa yana cikin babban dangi na sinadaran da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo da su, waɗanda aka fara kira sitokin a 1974.

Daga wannan dangi aka samo kalmar da ta cika kunnuwa a 2020, « orage cytokinique », guguwar sitokin. Abin lura ga masu tarihin kalmomi: ita ma daga fagen dashe ta fito, kamar « privilège ». James Ferrara da abokan aikinsa suka fara rubuta ta a 1993 game da cutar da ke faruwa in ɓargon da aka dasa wa mutum ya juyo ya yaƙi jikin mai karɓa. Murar tsuntsaye H5N1, wadda ta fara kashe mutane a Hong Kong a 1997, ita ta ja kalmar zuwa huhu. Da aka sake gina birus ɗin 1918 a ɗakin bincike a 2005, aka sa wa birai a 2007, sai aka ga huhunsu ya cika da ruwa da fararen ƙwayoyin jini, martanin ya ƙi tsayawa. Mutane da yawa suka ce an samo amsa, ƙarfin jikin samari ne ya kashe su a 1918. Labarin yana da daɗin faɗi, amma a 2008 Morens da Taubenberger da Fauci suka duba yankunan huhun waɗanda suka mutu a lokacin da rahotannin fiɗar gawarwaki, suka ga mafi yawansu ciwon huhu na bakteriya ne ya ƙarasa su bayan birus ya buɗe ƙofa.

Korona ta ƙara gyara hoton. A 2020 ƙungiyar Jean-Laurent Casanova, tsakanin Paris da Amurka, ta samu cewa mutum 101 cikin 987 da cutar ta kai bakin mutuwa suna ɗauke da sinadaran da ke kashe intaferon na jikinsu. A wurin waɗannan, martanin farko ne ya gaza, birus ya samu sarari ya yaɗu, sannan martani na biyu ya zo a makare ya yi ɓarna. Guguwa tana nuna abu ɗaya mai yawa, alhali abin da ke faruwa ƙaranci ne da yawa a jere, kowane da lokacinsa.

5. Inda hanyoyin suka haɗu

A 1997 Stevenson da abokan aikinsa a Oxford suka yi gwajin da a ganinmu ya fi kowane bayyana maganar. Sun ɗauki birus ɗin mura, wanda a hanci ko huhu yake tayar da jiki gaba ɗaya cikin ƴan kwanaki, suka sa shi cikin kan ɓera. In an sa shi cikin ruwan ƙwaƙwalwa, martani yakan taso kamar yadda aka saba. In an sa shi a hankali cikin naman ƙwaƙwalwa, birus ɗin yana nan amma jiki bai san da shi ba. Birus ɗaya, dabba ɗaya, tazarar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero biyu ba. Sakamakon Murphy da Sturm ne da na Medawar suka komo bayan shekaru da yawa, wannan karo da ƙwayar cutar numfashi a matsayin ma'auni. Kafin nan ma, Wekerle a 1986 da Hickey a 1991 sun nuna cewa limfosit T da aka riga aka tayar suna ƙetare shingen jini ba tare da wahala ba.

Game da ƙarin ƙwaƙwalwa, wannan ya canja tambayar. Giliyobilastom shi ne mafi muni cikin ƙarin da ke tasowa daga naman ƙwaƙwalwar babban mutum. Maganin da ake bi har yanzu ya samo asali ne daga gwajin Roger Stupp na 2005: fiɗa, gashi da haske, da ƙwayar temozolomid. Abin da ya ƙara shi ne tsakiyar tsawon rai ta tashi daga wata 12,1 zuwa wata 14,6. Muddin ana ganin dogarai ba sa shiga ƙwaƙwalwa, shirun jiki a gaban wannan ƙari ba abin tambaya ba ne. Amma tun shekarun 1970 likitoci sun lura cewa masu wannan ciwo martanin jikinsu gaba ɗaya ya yi sanyi, har a fata da jini. A 1984 Adriano Fontana a Zurik ya samu cewa ƙwayoyin ƙarin suna fitar da wani sinadari mai kwantar da limfosit T, wanda a 1987 aka gane shi ne TGF-beta 2. A 2018 ƙungiyar Peter Fecci a jami'ar Duke ta nuna cewa limfosit ɗin ma ba sa cikin jini, an tsare su cikin ɓargo. Wasu marasa lafiya, tun kafin a fara musu magani, yawan limfosit ɗinsu na CD4 ya faɗi zuwa matakin masu sida. A ɓeraye, ko ƙarin fata ko na huhu aka dasa cikin kai, hakan na faruwa. Ke nan wurin yana da nasa hannu, ƙarin ma yana da nasa.

Magungunan da ke kwance wa limfosit dabaibayi, waɗanda suka jawo wa Allison da Honjo kyautar Nobel a 2018, sun raba gardamar ta wata fuska. A masu sankarar fata (mélanome) da ta yaɗu zuwa ƙwaƙwalwa, haɗin nibolumab da ifilimumab ya tsayar ko ya rage ƙarin cikin kai a fiye da rabin marasa lafiya, a gwajin da aka buga a 2018. A giliyobilastom da ya dawo bayan magani, gwajin nibolumab a kan mutum 369 ya ba da wata 9,8, maganin da aka gwada shi da shi kuma wata 10. Kai ɗaya ne, shinge ɗaya ne. Bambancin shi ne sankarar fata ta taso ne a waje, an riga an kai ƙararta, tana kuma da alamomin baƙunta masu yawa. Giliyobilastom ɗan gida ne, alamominsa kaɗan ne.

A 2015 ginshiƙi na biyu ya faɗi. Antoine Louveau da Jonathan Kipnis a Birjiniya ta Amurka, da Aleksanteri Aspelund da Kari Alitalo a Helsinki, kowane ɓangare da kansa, suka nuna jijiyoyin limfa a mayafin ƙwaƙwalwar ɓera, masu kai ruwa da ƙwayoyi zuwa kaluluwar wuya. A 2017 aka gan su a mutum da na'urar hoton maganaɗisu. Jaridu sun kira abin sabon gano, alhali zanen Mascagni ya shekara 228. A 2020 ɗakin binciken Akiko Iwasaki a jami'ar Yale, wadda aka fi sani da aiki a kan birus na hanci da huhu, ya faɗaɗa waɗannan jijiyoyi a ɓeraye da sinadarin VEGF-C, sai jikinsu ya fara gane giliyobilastom yana yaƙarsa. An buɗe hanyar kai ƙara, ke nan. A ɓera dai.

Akwai wata dabarar kai ƙara da ta fi wannan tsufa, ita ce a kai wa ƙarin baƙon da jiki ba ya iya kawar wa kai. A 1953 Rowe da abokan aikinsa suka ware wani birus daga ƙululun naman bayan hanci na yara, aka kira shi adenobirus; yana cikin masu kawo mura da ciwon maƙogwaro. A 2000 Juan Fueyo a Hustan ya cire masa haruffa 24 daga rubutun gadonsa, ta yadda ba ya iya hayayyafa sai cikin ƙwayar da birkinta ya lalace, kamar ta ƙari. Da farko an yi zaton birus ɗin ne zai cinye ƙarin. Da aka gwada a mutane, aka buga sakamako a 2018, sai aka ga limfosit suna cika wurin bayan allurar. Cikin mutum 25 da aka yi wa allura ɗaya, 5 sun wuce shekara 3. A Pampaluna ta Ispaniya an sa shi, tare da gashi da haske, ga yara 12 masu ƙarin gindin ƙwaƙwalwa, ciwon da ba ya cika barin yaro ya kai shekara. Tsakiyar tsawon ransu ta kai wata 17,8, a rahoton 2022. A Duke an gwada birus ɗin shan inna da aka sa wa wani yanki na birus ɗin mura ta yau da kullum, inda kashi 21 cikin 100 na mutum 61 suka kai shekara 3. Dole a karanta waɗannan alƙaluma da taka tsantsan: gwaje-gwajen ƙanana ne, ba a raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a ba, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa ba su tsira ba. Abin da suka tabbatar ƙarami ne amma ya shafi maganarmu, watau naman ƙwaƙwalwa yana iya kiran dogarai in aka ba shi dalili.

6. Garkuwa, martani, hurumi

Akwai magani ɗaya da ya tsaya a kan hanyoyin biyu. A 1961 Galicich da French a Minesota suka nuna cewa deksametazon yana saukar da kumburin da ke kewaye ƙarin ƙwaƙwalwa, har mai ciwon da ya fita hayyacinsa ya farfaɗo ya yi magana. Tun daga lokacin ba a raba shi da masu wannan ciwo ba. A watan Yuni na 2020 gwajin RECOVERY a Ingila ya nuna cewa wannan tsohon magani mai araha yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a masu korona da ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar a waɗanda ake ba iskar oksijan, amma ba ya amfanar wanda ciwonsa bai kai nan ba. A wurare biyun aikinsa ɗaya ne, yana danne martanin jiki. A huhun da ya cika da ruwa wannan ceto ne. A cikin kai ceto ne na yau, amma yana kwantar da limfosit ɗin da sababbin magunguna ke ƙoƙarin tayarwa: a wani ƙaramin gwajin rigakafin giliyobilastom da aka buga a 2019 daga Boston, waɗanda ba a ba deksametazon a farkon allurar ba su ne suka nuna martani.

A nan kalmarmu ta garkuwa take gazawa. Garkuwa abu ce da ake riƙewa a gaba, kuma a hankalin mai jin Hausa duk yadda ta ƙara kauri haka ta ƙara kyau. Ba a cewa garkuwa ta yi yawa, ba a cewa ta makara, balle a ce likita ya rage wa mara lafiya garkuwa don ya cece shi. A 2020 mun ji yadda "ƙara garkuwar jiki" ta zama kirarin masu tallar magani, kuma harshen ne ya share musu hanya. Ba mu ce a kori kalmar ba. Ta riga ta zauna, kuma ta dace da « immunité » a ma'anar kariyar da rigakafi ke bayarwa. Amma ga « réponse immunitaire » muna ba da shawarar martanin jiki, kamar yadda muka yi amfani da shi a wannan ƙasida, domin martani yana karɓar aikatau ɗin da likita ke bukata: ya yi jinkiri, ya gaza, ya wuce kima, ya faɗa kan wanda bai yi laifi ba.

Ga « privilège immunitaire » kuwa, gata da alfarma suna maimaita kuskuren littattafan koyarwa, suna kuma ƙara wani, domin suna nuna abin alheri ne zalla, alhali mai giliyobilastom da wannan gata ake cutarsa. Hurumi ya fi dacewa ta fuska uku da tarihin nan ya fitar. Yana da iyaka da ake iya nunawa a ƙasa, kamar iyakar da ke tsakanin naman ƙwaƙwalwa da mayafinta. Yana cikin ƙasar sarki, haraji ne kawai ba a karɓa, kuma in mai laifi ya ɓuya ciki aka kai ƙara, ana shiga. Sannan ana iya janye shi, kamar yadda kumburi ko birus ke janye keɓewar. Matsalarsa ita ce ma'anar da ya ɗauka a Hausar kotu da ta jarida, inda "ba huruminsa ba ne" ke nufin ba shi da iko a kai sam. Ɗalibin da wannan ma'ana kaɗai ya sani zai karanta hurumin ƙwaƙwalwa ya fahimci daidai abin da muke gudu. Saboda haka in za a sa kalmar cikin ƙamus na kimiyya, sai a rubuta ta hurumin naman ƙwaƙwalwa, a kuma biyo ta da bayanin da ya faɗi ƙafar da ta gaza: wurin da baƙo kan zauna ba a kai labarinsa ga kaluluwa da wuri ba.